Abin da Ke Kuka a Rijiyar Inna

Sana'ata yasar rijiya. Ita na gada, ita na yi har ƙarfina ya ƙare. Rijiya ta taɓa ruftawa da ni, aka tono ni da rai, amma kunnena na hagu bai sake ji ba. Tun daga nan ba na yawan magana, kuma ba na tsoron rami.

Muna da ƙa'ida a wannan aiki. Kafin ka shiga, ka yi sallama a bakin rijiya. Abin da ka tarar a ciki ba ka kashe shi, don kai ne baƙo. In ka fito, mai rijiya kaɗai za ka gaya wa abin da ka gani. Haka mahaifina ya koya mini. Bai ba ni dalili ba, ni ma ban tambaya ba.

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, ina zaune a Dala. A lokacin in ka bi ta bayan Goron Dutse, gidaje sukan ƙare gonaki su fara, tun ba ka kai badala, ganuwar birni, ba. Ƙauye ne sosai a cikin birni, da rumbuna da awaki. Daga can wata tsohuwa Bafillatana ta aiko kiranmu, ni da mai riƙe mini igiya, wani dattijo Babarbare da nake ce wa Baba.

Mijinta ne ya haƙa rijiyar kafin ya rasu. Ba ta da ɗa a kusa. Ruwan take sha, da shi take bayin ɗan lambunta na yakuwa da alayyafo, abin da take ci ke nan. To tun da damina ta ɗauke wani abu ya fara kuka a ciki. Mata suka daina ɗiba. Wani ya leƙa ya ce ya ga idanu. Mai unguwa ya yanke a cike ta da ƙasa, ai 'yan siyasa sun yi alkawarin famfo. Tsohuwa ta roƙi abu ɗaya: a bari mai yasa ya shiga tukuna.

Mun isa rana ta kusa tsaka, lokacin da haske ke sauka har gindin rijiya. Samari sun taru da gorori, ɗaya riƙe da galan ɗin kananzir.

Baba ya dubi tsohuwar ya ce, "Ashe ke ce. Bafillatana, ko saniyarki kika ɓoye a ciki don kada a roƙe ki nono?"

Ta ce, "Ji bawan gidanmu. Riƙe igiyarka da kyau, in ka saki ɗan mutane a kasuwa zan sayar da kai."

Aka yi dariya, ban da ita. Ta matso ta ɓangaren kunnena mai ji, ta ce, "Ɗan nan, in suka cike ta, ina zan je da tulu a wannan shekarun?"

Na ce, "Bari in gani, Inna."

Muka zura fitila, ba ta mutu ba, iska na da kyau ke nan. Na ɗaura igiya a ƙugu, na soke wuƙa, na yi sallama. Sai abin ya yi kuka. Ba na jariri ba ne, ba na akuya ba, yana tsakani. Samari suka ja da baya. Mai kananzir ya ce, "Malam, bari mu zuba mu cinna, a huta."

Baba ya ce, "Ka zuba, sai mu tura ka ka sha ruwan."

Na sauka.

Ruwan ya kawo mini ƙirji. Kusa da saman ruwa akwai kogo a jikin bango, inda ƙasa ta zaizaye. A nan yake.

Na san guza, na san damo, na sha tarar da kunkuru da mesa a rami, na taɓa haɗuwa da ɗan kada. Wannan ba ɗayansu ba ne. Ya kai girman ɗan akuya. Fatarsa fara-fara, ba gashi, ba ɓawo, ta yamutse kamar ta tsoho. Idanu manya, ba sa son haske. Hannuwan gaba da yatsu dogaye, ya riƙe bango da su yadda mutum zai riƙe. Na yi bisimilla. Ya dube ni, na dube shi.

Sannan na ga ƙafarsa ta baya. Wani tsohon guga ya taɓa faɗawa, wayar bakinsa ta naɗe ƙafar, ta shige nama, wurin ya kumbura. In ya motsa, gugan ya ja shi ƙasa. Abin da ke sa shi kuka ke nan.

Na san yadda ake ji in rami ya riƙe ka, mutane na sama suna surutu.

Na ce masa, "Yi haƙuri." Na kama ƙafar. Ya cije ni a tsintsiyar hannu, bai saki ba, ni ma ban saki ba. Wuƙa ba ta yanka waya, sai da na yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta karye. Da na zare ta, ya sake ni. Ya tsaya kaɗan yana numfashi, sannan ya ja jiki ya shige cikin kogon, can inda hannuna ba ya kaiwa.

Na girgiza igiya, Baba ya jawo ni, da gugan a hannuna.

Suka yo kaina. "Mene ne? Aljani ne? Jinin me ke nan?"

Na ce, "Wa ke da rijiya?"

Mai unguwa ya ce, "Malam, ni ne mai unguwa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na sani. Wa ke da rijiya?"

Baba ya ce, "Haka abin yake, ranka ya daɗe. Ni da nake jan sa shekara da shekaru, ko ƙwaɗo ya gani ba ya gaya mini."

Tsohuwa ta ja ni zaure. Na gaya mata duka. Ba ta yi mamaki ba. Ta ce, "Malam, mijina, ya ce mini da ya kai ruwa ya tarar da mai wuri. Ya ce kada in bari a dame shi. Ban taɓa ganinsa ba." Ta wanke mini hannu da ruwan gishiri, ta ɗaure da tsumma. Sai ta ce, "Zai warke?"

Na ce, "Allah ya sani. Amma ba zai ƙara kuka ba."

Ta fita ta ɗaga gugan sama ta ce wa jama'a, "Ga abin da ya hana mu barci. An cire." Mai unguwa ya jujjuya shi, bai gamsu ba. Ya ce in aka sake jin ko tari daga ciki, za a cike. Ta ce ta yarda. Ta zura nata gugan, ta jawo, ta sha a gabansu. Baba ya karɓa ya sha, ya ce ruwan Fulani ko gardi babu.

Ba a sake jin kukan ba. Mata suka dawo ɗiba kaɗan-kaɗan, ita kuma ta ci gaba da bayin lambunta har ta rasu. Duk shekara nakan je in yashe mata. Ina yin sallama, in yi aikina, ba na leƙa kogon.

Yanzu gidaje sun cinye wurin, an yi ɗaki a kan rijiyar. Mai rijiya ba ta nan, shi ya sa na faɗa. Baba ya rasu bai ji ba. Tabon haƙoran yana hannuna, na nuna wa maharba da masunta, ba wanda ya gane na mene ne.