Gwangwanina da Jar Motar Kawu Bitrus

A daminar shekarar da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, ina 'yar shekara tara, akwai safiyar wata Asabar da na kwanta rub da ciki a tsakiyar layinmu na Kurmin Mashi, kumatuna a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ina auna wani dutse da gwangwanin madarar gari. An aike ni famfo ne. Bokitin yana can gefe, kaji sun hau bakinsa. Babu abin da ya faru tukuna, babu wanda ya ji ciwo, amma ni na yi kwanaki hankalina yana kan wannan dutse.

Haka Allah ya yi ni tun ina ƙarama. Idan aka ɗora tukunya sai in ce idan fa ta kife. Idan Baba ya hau keke sai in ce idan fa sarƙa ta tsinke. Har a makaranta, inda ban wuce aji huɗu ba, ana tsaka da 'yar gala-gala sai a gan ni ina kallon reshen mangwaro ko zai karye a kanmu. Da haka sunana na yanka ya ɓace a layin, kowa sai Idan-Fa. Baba kaɗai ke kirana Uwata, don sunan mahaifiyarsa na ci.

Amma wannan karon fargabar tana da tushe. Inna tana da tsohon ciki, kuma wanda ta haifa kafin shi, a ɗaki, bai zo da rai ba, ita ma da ƙyar ta tashi. Malamar asibiti ta ja mata kunne cewa wannan haihuwar a asibiti za a yi ta, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. To duk layinmu mota ɗaya ce, ta Kawu Bitrus, ɗan Mama Saratu da katanga ta raba mu. Mutanen kudancin Kaduna ne, shi yana aikin ofis a Doka. Ta wannan katanga kwanon tuwonmu ke haurawa da Sallah, na shinkafarsu ya hauro da Kirsimeti. Kawu Bitrus ya yi wa Baba alkawari cewa ko da wane lokaci ne a buga masa ƙofa.

Motar kuwa ba irin ta mutane ba ce. A hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu ya saye ta, ja wur, kujera biyu tak, rufinta na tamfol, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Mu yara Ƙadangaruwa muke ce mata. Mama Saratu ta hau sau ɗaya ta rantse ba ta ƙarawa, wai "in zama a ƙasa nake so ai ina da tabarma." Da rani, in ya ajiye ta a ƙofar gida, a inuwarta muke carafke da tuwon ƙasa, gwangwanin nan shi ne tukunyata. A wurin wasan na gane cewa in na tura shi a tsaye ƙarƙashin hancinta yana shiga, amma da ƙyar, saura kaurin ɗan yatsana ya taɓa.

Da ruwa ya kankama, Kawu Bitrus ya koma barin ta can bakin kwalta, a gidan wani abokinsa, ya ƙaraso da ƙafa yana riƙe da takalmansa. Saboda haka babu babban da ya lura da abin da nake gani kullum a hanyar famfo. Akwai inda layin ya matse tsakanin katanga da kwata, dutse ya leƙo a tsakiya, ba hanyar kauce masa. Duk ruwan da aka yi sai ya ƙara zaizaye inda tayoyi ke bi, dutsen ya ƙara tsawo. A safiyar nan na dasa gwangwanin a sawun taya, na ɗauko karan dawa na gitta daga kan dutsen, sai karan ya wuce saman gwangwanin bai taɓa shi ba. Dutsen ya fi tukunyata tsawo. Ranar naƙuda kuma Inna ba za ta iya taka caɓi har kwalta ba, dole motar ta shigo.

Baba maƙeri ne da ya koyi walda, ƙofofi da tagogi yake yi a rumfar ƙofar gida. Sau biyu na faɗa masa yana dariya, yana cewa, "Ido ba mudu ba ne, Uwata, amma ya san ƙima. Motar nan za ta wuce." A na uku ban ce komai ba, na kama bakin rigarsa na ƙi saki, ina hawaye, har ya ajiye guduma ya biyo ni. Ya tsuguna, ya dubi karan, ya dubi gwangwanin. Da yamma ya tari Kawu Bitrus, suka tafi bakin kwalta ina biye da su. Baba ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Da ya fito ya ce akwai wani kasko a ƙasan injin, a cikinsa baƙin mai yake taruwa, ƙarfensa bai fi na kwanon sha kauri ba, har ya riga ya lotsa a gefe ɗaya. In dutse ya huda shi, man zai tsiyaye, injin ya ƙone kafin a kai rabin hanya. Kawu Bitrus ya cire tabarau ya goge ya ce, "Malam Iro, yau dai abin da yaro ya hango a kwance, babba a tsaye bai gan shi ba."

An fara da dutsen. Maza uku suka yi ta dukansa da babbar guduma, ashe kan wani ƙaton dutse ne da ya nutse a ƙasa, sai tartsatsi kawai yake ba su. Sai Baba ya ce to a yi wa motar sulke. Ya yanko farantin ƙarfe mai kauri daga ragowar wata ƙofa, ya kwana biyu yana bugu, ya ɗaure shi da kusoshi a ƙarƙashin injin. Jama'a suka taru ana sa albarka. Ni kuma na tsuguna na tura gwangwanina, ya ce ƙwas, ya tsaya. Ya ƙi shiga. Na ɗago a tsorace, ina jiran faɗa. Baba ya kama haɓa, can ya fashe da dariya ya ce, "Na yi mata sulke, na ƙara mata tumbi!" Ya kwance aikin gaba ɗaya. Ya sake shi da ƙarfen da bai kai wancan kauri ba, ya matsar da shi dab da kaskon ba tare da sun haɗu ba, ya nutsar da kan kusoshin, ya tanƙwara gabansa sama kamar bakin shebur don in ya gamu da dutse ya zame a kai maimakon ya kafe. Ya huda masa ƙofar juye mai. Duk bugu uku sai ya ce, "Uwata, kawo mudunki." Sai da gwangwanin ya shige, yana ɗan gogawa, sannan ya ajiye guduma. Mama Saratu kuma ta tara matan layin, muka yi ta jido fasassun bulo da marmara a kwanuka muna cike sawun tayoyin.

Naƙudar ta zo ranar wata Laraba bayan la'asar, an wuni ana ruwa, ya kwashe rabin cikon da muka yi. Kawu Bitrus ya dawo daga ofis kenan, ko ɗamarar wuyansa bai kwance ba. Da zai shigo, shi kaɗai, motar ta wuce da ɗan ƙara. Amma da aka kwantar da Inna a kujerar, na ga motar ta ƙara zama ƙasa, abin da ban taɓa aunawa ba. Baba ya hau keke ya yi gaba. Mama Saratu ta riƙe ni tana addu'a da harshensu, ni ina karanto duk surar da na iya. Kawu Bitrus ya ja motar a hankali, a hankali, har matsatsin nan. Sai muka ji ƙarrrr, ƙarar da har yau in ana kankare tukunya nake jin ta a haƙorana. Motar ta ɗaga hanci, ta yi kamar ta tsaya, sai ta zame ta sauka ta wuce. Na ƙwace na ruga. Na durƙusa a kan dutsen ina shafa shi da tafin hannu, ina shinshinawa. Farin zane ne kawai a kansa, ko ɗigon baƙin mai babu. Na bi sawunsu har kwalta ina duban ƙasa, babu.

Kafin isha Baba ya dawo, wandonsa duk taɓo, ya ce mace ce, kuma Inna tana lafiya har ta nemi kunu. Ƙanwata Hajara ke nan, wadda Kawu Bitrus bai taɓa kiranta da komai ba sai Fasinja.

Yanzu an zuba wa layin kwalta, dutsen yana ƙarƙashi, motoci sun yi yawa har ba a san ta wane ba ce. Baba ya rasu, su Mama Saratu sun tashi, katangar da kwano ke haurawa an ƙara mata tsawo. Ni ma ina da 'ya'ya biyu, kuma ban warke ba, in ɗana ya yi tari sau ɗaya sai na tashi zaune. Babbar, mai shekara biyar, ta ɗauko ni sak. Rannan ina sauri ta ja zanena ta ce, "Umma, idan fa..." har na buɗe baki zan ce ta rabu da ni, sai na tuna mutumin da ya ajiye gudumarsa ya tsuguna a caɓi saboda gwangwani.

Ni ba mai ilimi ba ce, roƙona ɗaya ne gare ka mai karatu. In yaro ya kama rigarka ya ce idan fa, kada ka kore shi. Ka tsuguna daidai tsawonsa ka duba tukuna.