Murjanin Yayana Da Na Ƙona Da Haske

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Kafanchan, kuma gani nake babu wanda zai koya mini wani abu game da halittu. Yayana ya daɗe yana aiki a Fatakwal. Da ciwon ƙoda ya dawo da shi gida, ya taho da wani babban akwatin gilashi da yake kiwon murjanin teku a ciki, cikin ruwan gishiri. Ni murjanin wuyan mata na sani. Ban san abu ne mai rai ba sai da na ga nasa, kore da ruwan hoda, suna lilo a hankali cikin ruwa. Maƙwabta suka riƙa yi masa tsiya, wai ɗan manoman citta na Kwoi ya koma kiwon dutse.

Da za a kwantar da shi a asibiti a Jos, ya bar mini amanarsu. Fitilar akwatin ta tsufa, ya riga ya sayo sabuwa mai ƙarfi. Ya ce in na ɗaura ta in shimfiɗa gidan sauro ninki uku a saman akwatin, in riƙa cire ninki ɗaya duk mako, domin su saba da hasken sannu a hankali. Sau biyu ya maimaita. Na ce masa na ji, amma a raina cewa nake abin da ya fito daga ƙasar rana, wane haske zai dame shi. Ina so kuma in tura masa hotonsu suna ƙyalli ya ji sanyi a ransa. Na kunna sabuwar fitilar gaba ɗaya, babu shimfiɗa.

Kafin mako ya zagayo suka soma koɗewa. Na ɗauka haske ne bai ishe su ba, na ƙara musu awoyi. Kullum ya bugo waya sai ya tambaye ni ya 'ya'yansa, haka yake kiransu, ni kuma in ce masa suna nan ƙalau. Ran Lahadi ta uku na dawo daga majami'a na tarar duk sun yi fari fat kamar ƙashi.

Da aka sallame shi, a kan kujera aka shigo da shi falo. Ya daɗe yana kallon akwatin. Bai yi mini faɗa ba. Ya nuna wani reshe, ya ce tun yana kamar kan yatsa ya soma renonsa. Sannan ya ce da na faɗa masa ranar da suka fara koɗewa, da rage fitila kawai zai ce in yi, kuma da yawancinsu sun farfaɗo. Bai sake zama a falon ba. Kafin Kirsimeti muka binne shi.

Har yau akwatin yana nan, babu ruwa, na kasa fitar da shi. Ina wucewa ta gabansa da kaina a sunkuye.

Duk wanda aka bar wa amana, ya bi abin da mai ita ya faɗa ko bai gane dalili ba. In kuwa ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, tun mai gyara yana da bakin gaya maka yadda za a yi.