Ni da Muhandis da Direban da Ya Ƙi Aiki

Abubuwa da yawa na shekarun karatuna a Madina sai an tuna mini nake tunawa, amma makonni ukun da na yi ina aikin direba tare da wani bawan Allah, ko haƙorana sun zube ba zan manta da su ba.

Muna shekarar ƙarshe a sashen kwamfuta. Duktur ɗin da ke koya mana Linuks, wani tsarin sarrafa kwamfuta, ya raba mu bibbiyu, ya ce mu rubuta ɗan ƙaramin direba, wato shirin da ake cusawa cikin kanal, zuciyar tsarin, ya buɗe wani fayil da za ka rubuta kalma a ciki ka dawo ka karanta abarka. Aikin ba wani babba ba ne, amma wanda ya faɗi darasin sai ya ƙara shekara. Ni kuwa minha, wato tallafin karatuna, ta zo ƙarshe, ba ni da tabbacin za a sabunta mini iƙama, takardar izinin zama.

Aka haɗa ni da wani ɗan ƙasarmu da ya ba ni shekara huɗu ko biyar. Tun bai karɓi shahadar kammala karatu ba ya hana a kira sunansa, sai dai Muhandis, wato injiniya. Ranar farko ya dafa kafaɗata ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan aikin tsakanin Azahar da La'asar yake gama shi. Na yarda. Wautata ta farko ke nan.

A ɗakina na unguwar Jurf muke zama, a kan kwamfutata, don tasa wai ta fi ƙarfin aikin ɗalibai. Muka rubuta, muka harhaɗa, muka zo lodawa, kanal ya ƙi karɓa. Na ce mu duba log, inda kanal ke rubuta ƙorafinsa. Ya kalle ni kamar na ce mu je wurin boka, ya ce log na 'yan koyo ne, shi da ido yake gane cuta. Idon nasa ya gano cewa Linuks ɗina ne ya lalace. Sau biyu ya sa na goge kwamfutata na sake zubawa, har bayanan wani darasi na rasa. Ashe da fayilolin wani kanal daban muke harhaɗa direban, ba wanda ke kan na'urar ba. Gyaran layi ɗaya ne, shi ma da ka na canko shi.

Da ya lodu, muka rubuta masa "salamu alaikum", muka ce ya karanto. Sai allo ya cika da sallama, layi bayan layi, babu tsayawa. Ba mu gaya masa inda rubutun ya ƙare ba, shi ya sa yake ta maimaitawa. Muhandis ya gyara zama ya ce wannan alama ce direban yana da gudu. Wallahi haka ya ce, ni kuma na gyaɗa kai. Har yau in na tuna gyaɗa kan nan sai in ji haushin kaina ya fi nasa.

Matsala ta uku ita ce babba. Da zarar mun rubuta wani abu mai tsawo, kwamfutar sai ta sandare, sai an kashe ta da maɓalli. Wannan karon zafin Madina ya ɗora wa laifi. Ya ɗauke ta ya ajiye a gaban mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, muka zauna muna jiran ta huce kamar kunu.

Saura kwana uku a gabatar da aiki, sai duktur ya kira ni ofis. Ya ce abokin aikina ya zo ya nemi a raba mu, wai ni ke ja masa baya, kuma ya amince, kowa ya kawo nasa. Da na fito na tarar da shi a baranda. Ko kunya babu ya ce, "Ƙanena, kar ka ji haushi. Ba zan bari makina ya nutse saboda zumunci ba."

Na koma ɗaki. Bayan La'asar na yi abin da ya hana ni mako biyu da rabi: na sa aka adana log, na sake sandarar da ita, na karanta. Ga shi ɓaro-ɓaro, har da sunan sashen direban da ya faɗi. Muna kwasar rubutun mai amfani kai tsaye ba ta hanyar da kanal ya tanada ba, kuma ba ma auna tsawonsa, sai ya tumbatsa ya taka abin da ba namu ba. Kafin kiran Magariba direban yana karɓa yana mayarwa lafiya lau.

Ranar gabatarwa nawa bai ci minti biyar ba. Muhandis ya taso da babbar riga da dogon bayani, ya loda nasa a kwamfutar ɗakin gwaji wadda ke haske a bango, kowa na gani. A kalma ta biyu kwamfutar ta sandare. Ya fara cewa na'urorin kwalejin sun tsufa. Duktur ya bari ya gama, sannan ya tambaye shi a hankali, "To, me log ya ce?"

Ya ce, "Wane log, ya duktur?"

Babu wanda ya yi dariya. Duktur ya cire tabarau ya goge, ya kira na gaba. Muhandis ya maimaita darasin, ya kuma shekara yana gaya wa mutane cewa duktur ne ba ya son baƙi.

Na daɗe ina ba da labarin nan don a yi masa dariya, sai daga baya na ga ni ma ina da kaso. Shi bai sani ba, ya ƙi tambaya. Ni na san inda amsar take, na ƙi dubawa don kar in ɓata wa babba rai, har na kusa rasa zamana a garin. Tun daga lokacin, in abu ya lalace, ƙorafin abin nake fara karantawa kafin in saurari mai babbar murya. Girma dai a ba wanda ya girme ka, amma kar ka haɗa masa da hankalinka.