Agarar Mu'azu

A Tudun Wadar Gusau kowa ya san Mu'azu ɗan Bungudu, akawun da bai taɓa yin fice a kan tebur ba sai a filin tanis. Da aka ba mu jiha a 1996, manyan ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da tumbinsu da raket ɗinsu, sai kakar Mu'azu ta yanke saƙa. Ya liƙe wa daraktansu, Alhaji Abdulsamad, mutumin da ko akuya ba zai iya kora daga kan shanya ba.

Sana'ar Mu'azu ita ce faɗuwa. Zai yi gudu, ya yi gumi, ya kai Darakta bakin gaɓa, sannan da gangan ya danna ƙwallo a raga, Darakta ya ci, shi kuwa ya dafe kai. Ban taɓa ganin namiji ya ɓata baiwarsa da ƙwazo haka ba, kuma raina shi nake yi har yau. Da yamma ya zo majalisarmu yana hura hanci: "Ku bar ganin haka. Randa duk nig ga dama, ko ɗaya ba ya ci."

Ana nan wata Asabar ya zabura zai tare ƙwallo, sai ji kake ɗas. Ya waiwaya neman wanda ya jefe shi a dunduniya, babu kowa. Agararsa ce ta tsinke. Likita ya ce ɗinki, sannan watanni a kwance. Mu'azu ya hango wani Jibril na ofishinsu yana shafa sabon raket yana harin gurbinsa, sai ya sa aka kai shi Kucheri wurin maɗori, wai can ya fi sauri. Tsohon ya gaya masa gaskiya, shi ƙashi yake ɗorawa. Mu'azu ya nace, aka tofa, aka ɗaure da karare. Agara ta haɗe yadda ta ga dama, ƙafa ta koma jan ƙasa.

Duk zaman jinyar nan Darakta bai leƙo dubiya ba, ko direbansa bai aiko ba. Matar Mu'azu Lantana ce kawai ke gasa ƙafar da ruwan zafi tana tsaki. Abin ya ci Mu'azu, ya rantse a gabanmu cewa zai koma fili ya lallasa mutumin nan sau ɗaya, kowa ya shaida.

Bayan damina ya koma, mu ma muka bi don kallo. Jibril ya matsa ya ba shi fili ba da son rai ba. A karo na farko a rayuwarsa Mu'azu ya yi wasa da gaske. Hannu na nan, ido na nan, amma duk ƙwallon da ta faɗi taku uku daga gare shi sai dai ya raka ta da ido. Ya ciji leɓe, ya ja ƙafa, ya faɗi ya tashi. Darakta ya cinye shi tas yana haki.

Alhaji Abdulsamad ya zo bakin raga, ya dafa kafaɗarsa da fara'a.

"Madalla, Mu'azu, ka warke sarai. Wasan naka na nan yadda nis san shi."

Mu'azu ya ce, "Na gode, ranka shi daɗe." Ya sunkuya ya tattara masa ƙwallayensa.