Kwamfutar Mai Zane

Mai Zane ake ce masa a layin, don shi ke zana allunan shaguna. Kwamfutarsa ta tebur ce, tsohuwa, mai gurnani kamar injin markaɗe. Matarsa ce ta tsara ta, lokacin da take buga wa mutane takardu, kuma tun rasuwarta ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba. Fayilolinta na nan jere a hagun allon kwamfutar, bayansu hoton tagar ɗakinsu na farko. Da hantsi yakan zauna ya ƙura wa tagar ido har shayinsa ya huce, yana jiran labulen ya motsa.

Ana nan sai hukuma ta toshe kiran bidiyo, ga 'yarsa tilo tana aure a wata ƙasa. Maƙwabta suka sa wata manhaja a wayoyinsu mai zagaye toshiyar, amma shi idanunsa sun gaji, fuska a waya dishi-dishi yake ganin ta. Kewar yarinyar nan ta hana shi sakat.

Ya kira ƙanensa mai gyaran kwamfuta. Gogan ya duba, ya ja tsaki.

"Yaya, manhajar ba ta hawa wannan tsohon tsarin. Ai ya girmi gemuna. Sai an sa sabo."

"Wato ka goge min ita?"

"Ita wa?"

Mai Zane ya ƙura wa hoton tagar ido. Ƙanen, da bakinsa bai san hutu ba, ya bi inda yake kallo, ya ja kujera. Ya wuni a kan kwamfutar, ya raba cikinta biyu, ya bar tsohon tsarin a gefe, ya sa sabon a ɗaya gefen.

"Duk ka kunna za ta tambaye ka wanne kake so. Amma fa ɗaya bayan ɗaya, Yaya, ba a shiga biyun tare."

Sabon fayau yake kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Mai Zane bai so shi ba ko kaɗan, har sai da fuskar 'yarsa ta cika allon, da ɗan tabon goshinta da komai. Suka yi dariya, suka yi kuka.

"Baba, tagar Mama tana nan? Nuna min."

Hannunsa ya tafi ga maɓallin kashewa, ya tsaya. Tagar na cikin tsohon tsarin; in ya buɗe ta, yarinyar ta ɓace.

Sai ya lumshe ido. "Tana nan. Ga labulen, shuɗi, ga kwalbar man kitsonta a dama..."

"A hagu, Baba."

"A dama dai."

"Hagu! Ni na fasa ta fa, ka manta?"

Ya buɗe ido. Ta karkata kai, ta ɗaga gira ɗaya tana jiran ya sallama, sak yadda uwarta ke yi.

"To, hagu," in ji shi. "Ci gaba, me ke kusa da ita?"