Baba Ƙyas Ya Tafi Ɗaukar Hoton Giwa

Shekara talatin da huɗu Baba Ƙyas ya yi yana ba mutane umarni suna bi. Ba soja ba ne, ba alƙali ba, mai hoto ne a wani ɗan shago tsakanin tela da mai sayar da magani. Amma da zarar ka hau kujerar nan tasa marar jingina, ka shiga hannunsa ke nan. "Ɗaga haɓa. Ya yi yawa, sauke. Rufe baki, ba haƙora aka ce ka kawo ba." Ya faɗa wa shugaban makaranta haka, ya faɗa wa ɗan sanda mai igiya uku, kuma kowa ya bi, don ba mai son mummunar fuska ta zauna masa a katin shaida har shekara goma. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa: kafin kyamara ta yi ƙara shi yake riga ta cewa "ƙyas", kamar ba ta da bakin kanta.

Sai waya ta shigo gari. Wanda jiya yake zuwa da sabuwar riga yana rawar jiki, yau shi ne yake miƙa hannu sama, ya karkace baki, ya ɗauki kansa sau ashirin kafin ya karya kumallo. Shagon ya koma na masu neman hoton fasfo kaɗai, su ma sai sun gwada a gida an ƙi karɓa. Baba Ƙyas ya kan yini yana goge gilasai da ɗan ƙyalle, yana yi wa tela bayanin yadda duniya ta lalace, tela yana "haka ne" da allura a baki.

Wata rana a talabijin ɗin mai magani ya ga wani mutum kwance cikin ciyawa da kyamara mai dogon baki, zaki yana wucewa ta gabansa. Ya tsaya har aka gama shirin. Da ya koma gida ya tarar da matarsa tana yankan albasa.

"Na gano inda sana'a ta koma," ya ce.

"Ina?"

"Daji. Dabbobi ba su da waya."

Ba ta ɗaga kai ba. "Aljihu fa, Malam, suna da shi?"

Ya wuce ɗaki abinsa, don ya daɗe da yanke hukuncin cewa matarsa ba ta fahimci fasaha ba. Cikin sati biyu ya sayar da babur ɗinsa ya sayo dogon gilashin kyamara na hannu, mai tsawon taɓarya, an naɗe masa salatif a wuya. Ya haɗa da riga marar hannu mai aljihu goma sha huɗu, da hula mai igiya, da sandar ɗora kyamara mai ƙafa uku wadda sai mutum biyu ke naɗe ta. Ilimin aikin kuma a wayar 'yarsa ya koya, wayar nan dai da ya yi shekaru yana tsine wa. Ya haddace ƙa'idoji: hasken safe da na yamma su ne haske, na tsakar rana ɓata lokaci ne, idan dabba na gudu a sa kyamara ta yi saurin ƙiftawa, a saita a kan ido, ba a kan jiki ba. Kafin ya gwada ko ɗaya ya riga ya koyar da tela duka. Ƙa'ida ta ƙarshe, wato haƙuri da yin shiru, ya tsallake ta. A cewarsa wanda ya ɗauki jarirai dubu ba a koya masa haƙuri.

'Yar tasa ma'aikaciyar jinya ce, ita ta samo masa gurbi a motar da za ta kai wata likitar asibitinsu cikin gandun daji. Likitar mace ce marar yawan magana, kowace shekara tana zuwa, da 'yar kyamara wadda ba ta fi tafin hannu biyu ba. Baba Ƙyas ya kalli kyamarar sau ɗaya ya tausaya mata.

Da sassafe suka haɗu a ƙofar gandun. Direban motar, wani siririn mutum mai furfura a gemu, ya dube shi daga sama har ƙasa. A ƙarƙashin rigar aljihun Baba Ƙyas ya sa farar taguwa ƙal, ya fesa turaren da tun daga wurin ajiye motoci ake jin sa.

"Baba, da ka sa mai duhu. Turaren nan ma dabba za ta ji shi tun muna nesa."

"Ɗana, ban taɓa zuwa wurin aiki da datti ba."

Mai ƙafa ukun ta ƙi tsayuwa tsakanin kujeru. Direba ya miƙo masa ɗan buhun yashi, ya ce a kan taga ake aza shi a ɗora gilashin, ya fi komai riƙewa. Baba Ƙyas ya ɗaga buhun da yatsu biyu ya mayar masa. Bai sayar da babur don ya zo ya ɗora kayansa a kan yashi ba. Ya rungume gilashin a ƙirji kamar mai jego, aka tashi.

Barewa suka fara gani, wajen goma, suna kiwo a bakin hanya, rana tana fitowa ta bayansu. Direba ya kashe mota. Likita ta ɗaga kyamararta a hankali. Baba Ƙyas ya leƙa cikin tasa ya ga duk sun sunkuyar da kai, abin da bai taɓa yarda da shi ba a rayuwarsa. Ya tafa hannu sau biyu.

"Kai, ku kallo nan."

Suka kallo, na ƙiftawar ido, sannan wurin ya zama kamar ba a taɓa halittar barewa ba. Ya samu hoton ƙafar baya guda da rabin wutsiya. Direba ya juyo ya buɗe baki, ya tuna da furfurar mutumin, ya rufe.

Raƙumin dawa ya fi barewa kirki, har gefen mota ya zo yana cin ganye. Nan ne Baba Ƙyas ya gano abin da mai sayar da gilashin bai faɗa masa ba: abu idan ya matso kusa, dogon gilashi ba ya ganin sa. Duk inda ya juya sai zanen fata ya cika masa ido, kamar atamfa. Ya tsaya sauya gilashi. Ƙaramin yana cikin ɗaya daga aljihu goma sha huɗun nan, sai a na goma sha ɗaya ya same shi. Kafin ya ɗaura, raƙumin dawa ya ƙoshi ya yi gaba, iska kuma ta zuba masa ƙura a cikin kyamara.

Wajen hantsi suka tarar da giwaye a inuwa kusa da ruwa, da jaririya a tsakiyarsu. Direba ya rage murya ya ce kada kowa ya motsa, uwar tana kallon su. Baba Ƙyas ya duba ya ga inuwa ta yi yawa, fuskar giwar ba za ta fito ba. A shago idan fuska ta yi duhu abu ɗaya ake yi. Ya kunna fitilar kyamara, ya ce "ƙyas", haske ya wanke wa giwa ido.

Ta baza kunnuwa, ta ɗaga hanci, ta yi wata ƙara da ya ji ta a cikin haƙoransa, ta nufo su. Direba ya ja mota da baya da ƙarfi. Baba Ƙyas ya kifa tsakanin kujeru, gilashin a kan cikinsa, yatsansa a danne kan maɓalli yana salati. Kyamarar ta yi aikinta tsakani da Allah: hoto talatin da ɗaya na rufin mota, shida na takalmin likita, kowanne ya fito tas.

Da suka yi nisa direba ya tsaya, ya juyo, wannan karon bai tuna da furfura ba.

"Baba, ni ina da 'ya'ya biyar. Ka cire fitilar nan ka ba ni."

Ya ba shi. Likita ta kama hannunsa ta duba bugun jini, ta ce zai rayu.

Da la'asar aka yi sa'a, zaki kwance a gindin bishiya, ba nisa. Barci yake, ya juya musu ƙeya. Suka zauna. Minti ashirin, minti arba'in. Likita ta aza kyamararta a kan buhun yashin nan, ta saita, ta naɗe hannu. Baba Ƙyas ya yi ta mutsu-mutsu.

"Direba, ɗan danna masa hon."

"Ba a yi."

"To ka buga ƙofa."

"Ba a yi, Baba."

"Ni fa ko alƙali bai taɓa sa ni jira haka ba."

"Wannan ba ya zuwa kotu," in ji direba.

Da ya ga ba sarki sai Allah, ya sunkuyar da kai ya shiga goge hotunan rufin mota ɗaya bayan ɗaya, don ya samu wurin ajiye zaki. Yana kan na ashirin da 'yan kai sai ya ji ƙaramar ƙara a gefensa, sau ɗaya tak. Ya ɗago. Zakin ya riga ya ɗaga kai, ya yi hamma har ana ƙirga haƙoransa, rana ta yamma a kan gashin wuyansa, ya koma ya kwanta. Baba Ƙyas ya tarar da ƙeyar da ya bari. Likita tana mayar da kyamararta cikin jaka.

Kafin su fita gandun ya ɗauki hoto guda na wata bishiya da ciyawa ja, rana na faɗuwa a bayanta. Akwai gwanki a wurin lokacin da ya fara saitawa.

A gida matarsa ta sa tabarau ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wutsiya. Gindin ɓauna. Atamfa. Takalmi. Wata wutsiyar.

"Malam, ba wanda ya yarda ya fuskance ka? Duk sun ba ka baya."

"Dabbobin yanzu ba su da tarbiyya," ya ce, ya karɓe kyamararsa.

Hoton bishiyar nan kaɗai ya wanku. Don kada a ce tafiyar ta tashi a banza ya sa aka buga shi ƙato, ya rataya a bayan kujera. Gilashin da hular ya jera su a kan tebur. Bayan kwana uku wani ma'aikacin banki ya shigo neman hoton fasfo, ya ga kayan, ya tambaya ko zai iya riƙe gilashin a ɗauke shi a gaban bishiyar. Mutumin ya sa hula, ya sa rigar aljihu, ya murtuke fuska yana hangen nesa. Da yamma hoton yana yawo a wayoyi, an rubuta a ƙasansa cewa hutu a daji ya yi daɗi.

Abin nema ya samu. Cikin wata guda sai da tela ya ara masa benci. Malaman makaranta, 'yan kasuwa, ango da amarya, mutanen da ko kare ya yi haushi sai sun tsallaka titi, duk sun je daji sun dawo ba tare da ƙura ta taɓa takalminsu ba. Baba Ƙyas yana gyara musu riƙon gilashi yana ba su labarin giwa. A satin farko taku ashirin ne tsakaninsu. Zuwa ƙarshen wata hancinta ya taɓa hularsa, shi ne kuma ya kwantar wa direba da hankali.

Ana cikin haka likita ta zo wanke hoton zakinta. Ya fito da shi ya riƙe nesa da ido, ya daɗe yana kallo. Tela da mai magani suka leƙo suna jinjina kai.

"Ba laifi," ya ce. "Sai dai bakinsa a buɗe yake, kuma bai kalli kyamara ba. Da fasfo ne da an dawo miki da shi. Amma a matsayinki na mai koyo, kin yi ƙoƙari."

Ta yi murmushi ta ce ya wanke biyu ya riƙe ɗaya. Ya sa shi a firam ya kafa a saman ƙofa, inda mai shigowa zai fara gani. Idan aka tambaye shi ko shi ya ɗauka, ba ya yin ƙarya, mutum ne mai tsoron Allah. Cewa yake, "Awa biyu muka yi muna jiran sa," ya bar mutum da fahimtarsa.

Dogon gilashin bai sake hawa kyamara ba, har salatif ɗin ya fara baƙi saboda hannun jama'a. Da damina ta wuce 'yarsa ta zo ta ce likita za ta koma gandun, akwai gurbi a mota. Baba Ƙyas ya ce a gode mata, aiki ya yi masa yawa, ba zai iya barin shago ba. Matarsa ta ce ita za ta je, tunda an ce ba a buƙatar komai sai zama da yin shiru, kuma shekara talatin da shida ke nan tana yin su.