Kibiyoyin da Muka Zana wa Duwatsun Jikana

Ku matso, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce, a ɗakin nan aka yi shi, kuma da hannuna a ciki.

Ina da jika namiji, ɗan babbar 'yata, wanda boko ya kai shi ga karatun duwatsu. Yana koyarwa a jami'a, yana zaune a unguwar Kwadaso, amma duk Juma'a bayan masallaci sai ya biyo unguwarmu ta Zongo ya ci tuwona. Maigida nake ce masa, shi kuma ya ce mini amarya.

Wata Juma'a ya shigo da akwati. A Anloga, unguwar kafintoci, aka ƙera masa shi, ba ƙusa ko ɗaya, da turakun katako aka haɗa. Ya buɗe, na laluba, domin a lokacin ciwon yanar ido ya rufe mini gani, inuwa kawai nake gani. Duwatsu ne mulmulallu, kowanne kamar guntun rake, kowanne a raminsa.

Na ce, “Maigida, mazan mutane na kawo atamfa, kai tsakuwa ka kawo?”

Ya ce, “Amarya, tsakuwar nan shekara uku na yi ina haƙo ta.”

Ya zauna ya yi mini bayani. Wai dutse, tun yana ruwa kamar kunu mai zafi, akwai ƙurar ƙarfe a cikinsa da ke fuskantar arewa. Idan ya daskare, sai ta tsaya a haka har abada. Wai ƙasar da muke takawa tafiya take yi, a hankali kamar tsiron farce, kuma ita kanta arewar ta sha juyawa ta koma kudu. Na ce a'uzubillahi. Ya yi dariya. Ya ce kafin ya cire kowane dutse daga jikin tsauni sai ya zana masa kibiya, don a san yadda yake kwance. In ba kibiyar, dutsen ya zama bebe. Tsaunin kuma, can arewacin ƙasar nan, masu yin hanya sun riga sun fasa shi sun kwashe.

Kusa da gidansa akwai masu walda, ga ƙarafa, ga wayoyin wuta, duk masu iya rikita ƙurar ƙarfen nan, shi ya sa ya zaɓi ya ajiye akwatin a ƙarƙashin gadona na katako, kafin a ba shi lokaci a na'urar awo a Turai. Ya ce kada a taɓa. Na ce to.

Bayan wata biyu aka yi mini aikin ido a babban asibitin da ke wajen Bantama. Likita ya ce kada ruwa ya taɓa fuskata sai ya ba da izini. Sai taimama ke nan. Gidan hayarmu kuwa an shafe shi da siminti tun daga zaure har bakin rijiya, ba inda za ka sami ƙasa mai tsarki. Azahar na wucewa, na tuna da akwatin. Na ce a raina, dutse ai na Allah ne, ɗaya kawai zan ara.

Maƙwabciyata, Bazabarma mai sayar da koko, ita ke jinyata. Ta karɓi dutsen ta duba, ta ce, “Hajiya, akwai tawada a jikinsa. A yi taimama a kan tawada?” Ta sa toka da kananzir da soson ƙarfe ta goge shi tas. Ni ban tuna da maganar kibiya ba. Wallahi ban tuna ba.

Dutsen ya yi daɗin hannu, sanyi, sumul. Tsofaffin da ke zuwa duba ni suka gani suka yaba. Wannan mijinta na kwance da shanyewar ɓarin jiki, waccan ƙafarta ta kumbura. Wa zai hana mara lafiya abin salla? Maƙwabciyata ta juye akwatin a tabarma, muna zaɓar masu santsi, tana gogewa, ina rabawa. Guda tara suka fita.

Ranar da aka cire mini bandeji, duniya ta dawo da kaifinta. Na ga tsagar bango, na ga furfurar maƙwabciyata. Na jawo akwatin, na ga kowane dutse da baƙar kibiya a gadon bayansa, nawa kuwa fari fat. Sai maganar yaron ta dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Muka bi gida gida muna karɓo abin da muka bayar, ina jin kunya kamar in nutse. Da suka cika, maƙwabciyata ta ga alƙalaminsa a gefen akwatin. Ta ce, “Kibiya ce fa kawai, Hajiya. Ni da nake zana lalle?” Ban hana ta ba. Rashin hanawar nan shi ne laifina. Ta zana, hannunta bai karkace ba, har ni ban iya bambance nata da nasa. Muka mayar da kowane dutse ramin da ya samu.

Ya zo ya ɗauki akwatinsa, ya ce, “Amarya, kin iya riƙon amana.” Na zuba masa tuwo, ni ban ci ba.

Ya tafi Turai wata huɗu. Ina ta jiran ranar da waya za ta yi ƙara ya ce ya gane. Da ta yi ƙara, murna na ji a muryarsa, kuma murnar ta fi faɗa ba ni tsoro. Ya ce yawancin duwatsun sun nuna waje ɗaya, amma wasu kaɗan sun nuna gabas, sun nuna yamma, sun nuna inda ba a zata ba. Ya ce alama ce sun daskare daidai lokacin da arewa ke cikin juyawa, abin da masana ke shekaru suna nema. Zai tsaya a wani taro gaban manyan fanninsa ya faɗa, kuma kujerar da yake nema a jami'a ta kusa.

Na gaya wa maƙwabciyata. Ta ce, “To ba shi ke nan ba? Mun yi masa alheri.” Na ce, yaron zai tsaya gaban mutane ya rantse a kan zanen mai koko. In wani ya gano, ba za a ce kakarsa ba, shi za a kira maƙaryaci.

Ya dawo saura mako guda taron. Ya zo da atamfa a leda, ya ajiye a cinyata, ya ce, “Yau dai ba tsakuwa ba ce.” Na ture ta gefe. Na ce, “Zauna, ɗan nan.” Da ya ji ban ce maigida ba, ya zauna a ƙasa.

Na faɗa masa duka, tun daga likita har alƙalami. Bai katse ni ba. Ana ta daka fufu, sakwarar rogo, a tsakar gida, shi yana kallon tabarma.

Can ya ce, “Kaka, guda nawa?”

“Tara.”

“Sauran ba ku fitar da su daga ramukansu ba?”

Na ce, “Mun juye su duka.”

Ya rufe ido. Ashe lambar kowane dutse a bakin raminsa take, ita ke faɗin daga wane hawa na tsaunin ya fito. Ba tara muka kashe ba, akwatin ne gaba ɗaya.

Ya ce, “Da kin bar su ba kibiya, da tun ranar na gane, in tambaye ki, da ban kai su Turai ba.” Ya tashi, ya sa takalmi, ya ce, “Allah ya ƙara sauƙin idon.” Ya fita.

Bai je taron ba. Ya rubuta wa waɗanda suka ba shi na'ura ya ce a soke awon, bai ambaci sunana ba. Kujerar wani aka ba. Ya yi wata biyar bai tako Zongo ba, sai a wajen uwarsa nake jin yana lafiya. Yanzu ya sami wani tsauni wajen iyakar yamma, ya fara daga farko, ga furfura ta soma fito masa. Yana zuwa wata Juma'ar, wata bai zuwa.

Maƙwabciyata ta koma Nijar wajen ɗanta, har ta tafi tana cewa ita ba ta ga abin da ya ɓaci ba. Mai shanyewar jikin nan ya rasu da damina. Ni kuwa ina nan, na shiga shekarun da ake yi wa mutum uzuri, kuma kowa ya yi mini, har uwar yaron. Ban karɓa ba tukuna.